Karatun likitanci a Kyuba: nazarin lamarin ɗalibin Afirka ta Yamma a zangon 2015 zuwa 2022

A watan Nuwamba na shekarar 1999 ne gwamnatin Kyuba ta buɗe Makarantar Likitanci ta Latin Amurka, wadda aka fi sani da ELAM, a harabar wata tsohuwar makarantar sojan ruwa da ke bakin teku, yamma da birnin Habana. Musabbabin kafa ta shi ne ɓarnar da guguwar Georges da ta Mitch suka yi a 1998 a Haiti da Honduras da Nikaraguwa da maƙwabtansu. Kyuba ta aika da likitoci don agaji, daga baya shugaban ƙasar na lokacin, Fidel Castro, ya ga cewa maimakon a yi ta aiken likitocin da dole wata rana su koma gida, gara a ɗauko 'ya'yan talakawan waɗannan ƙasashe a koyar da su kyauta, bisa alkawarin cewa za su koma su yi wa al'ummarsu aiki. Ba a daɗe ba aka buɗe wa Afirka ƙofa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fara samun gurbi. Rukunin farko, kimanin mutum 1,500, ya kammala a 2005, kuma zuwa lokacin da makarantar ta cika shekara 20 waɗanda ta yaye sun kusa 30,000 daga ƙasashe fiye da 100.

Wannan nazari ya taƙaita ne ga ɗaliban Afirka ta Yamma da suka sauka Habana a wajajen 2015 suka kammala a wajajen 2022. Inda aka ce ɗalibin, ba wani mutum guda ake nufi ba, ana nufin hanyar da galibinsu suka bi. An zaɓi wannan zango ne saboda ya fara a lokacin da Kyuba take cikin ɗan sauƙi bayan ta maido da hulɗar jakadanci da Amurka, ya ƙare a cikin annoba da tsadar rayuwa, wato ɗalibin ya ga tsarin lafiyar ƙasar yana aiki yadda aka tsara shi, ya kuma gan shi yana nishi. Abin da nake son nunawa shi ne cewa mafi muhimmancin abin da ya koya ba a ɗakin lacca ya koye shi ba, a ƙofar gidajen mutane ya koye shi, kuma wannan ilimin ne ya fi wahalar amfani da shi idan ya koma gida.

Harshe da zaman farko

Karatun likitanci a Kyuba shekara 6 ne, amma wanda bai iya Sifaniyanci ba sai ya ƙara wata shekarar a gaba, ta koyon harshe da share fage a darussan kimiyya. Duk abin da zai biyo baya da Sifaniyanci ake yin sa: lacca, jarrabawa, rubuta tarihin majiyyaci, har da gardama a kan gadon asibiti. Wanda ya zo daga Nijar ko Mali ko Cadi da Faransancinsa yakan riga ɗan Najeriya ko Ghana kama zaren, domin harsunan biyu dangi ne. Sai dai Sifaniyancin aji daban, na titi daban. Mutanen Kyuba suna magana da sauri suna haɗiye ƙarshen kalmomi, ta yadda ɗalibin da ya ci jarrabawar nahawu zai iya tsayawa gaban tsohuwa mai kukan ciwon ƙirji ya kasa gane rabin abin da take faɗa. Shekaru biyu na farko na ainihin karatun likitanci a harabar makarantar ake yin su, ɗalibai na kwana a manyan ɗakuna masu gadaje hawa biyu, daga nan a rarraba su zuwa tsangayoyin likitanci na Habana da na larduna, inda suke gauraya da ɗaliban ƙasar.

Tallafin ya ƙunshi kuɗin makaranta da masauki da abinci da littattafai, da alawus na feso 100 a wata, wanda a lissafin wancan lokaci bai wuce dala 4 ba. A lokacin ƙasar na da kuɗi iri biyu, feson gida da kuma wani mai darajar dala, kuma mafi yawan abin da baƙo ke bukata, daga sabulu zuwa man girki, da na biyun ake saye. Intanet ma haka. A watan Yuli na 2015 aka fara kafa wuraren kama intanet a filayen jama'a, awa ɗaya dala 2, wato alawus ɗin wata guda awa biyu ne na magana da gida. Sai a Disambar 2018 aka fara sayar da intanet ta wayar hannu. Saboda haka ɗalibin ya dogara ne ga abin da iyaye suka aiko ko alawus na gwamnatinsa, kuma aiken kuɗi Kyuba ba abu ne mai sauƙi ba, saboda takunkumin Amurka ya sa bankuna da yawa na gudun duk wata hulɗa da ƙasar. Inda alawus ɗin gida ya tsaya, lamarin yakan yi muni. A watan Afrilu na 2019 ɗaliban Kongo-Brazabil masu karatun likitanci sun yi zanga-zanga a Habana saboda gwamnatinsu ta shafe fiye da shekara biyu ba ta biya su ba, har 'yan sanda suka shiga tsakani.

Ga ɗalibi Musulmi akwai ƙarin lissafi. Abincin yau da kullum shinkafa ce da wake, ga rogo da doya da ayaba da kuɓewa waɗanda ba baƙi ba ne gare shi, amma naman da ya fi yawa na alade ne, kuma sau da yawa da kitsensa ake soya waken, don haka sai ya tambaya kafin ya ci. Naman shanu kuwa kusan babu shi, domin tun shekarun 1960 doka ta hana yanka saniya ba da izinin hukuma ba, sai a 2021 aka sassauta. Ƙwai da kifi da kajin da ɗalibai suka yi karo-karo suka saya suka yanka da kansu su ne mafita. Wannan rukuni ya yi dace da abu guda: a watan Yuni na 2015, dab da azumi, aka buɗe Masallacin Abdallah a titin Oficios cikin tsohon birnin Habana, wanda ya zama matattarar Musulmin ƙasar da ɗalibai daga Afirka da Falasɗinu da Yammacin Sahara da sauran wurare. Wanda aka tura lardi mai nisa kuwa, Juma'arsa a ɗakin kwana take, tare da 'yan'uwansa ɗalibai.

Likitan unguwa

Ba za a fahimci aikin sa-kai da ɗalibin ya yi ba sai an san tsarin da aka ɗora shi a kai. A 1984 Kyuba ta fara shirin likitan iyali da nas a unguwar Lawton ta Habana, inda aka ba kowane likita da nas ɗinsa kimanin iyali 120, daga baya aka yaɗa shi ƙasa baki ɗaya, adadin mutanen kowane likita kuma ya ƙaru. Likitan yana da ɗan ofishi a cikin unguwa, sau da yawa gidansa yana saman ofishin, da safe ya duba masu zuwa, da rana ya zaga gidaje. Ofisoshi da dama suna ƙarƙashin babbar cibiya guda mai ɗakin gwaji da ƙwararrun likitoci, daga ita sai asibiti.

Ginshiƙin tsarin shi ne rajista. Kowane mazaunin unguwa, ko da lafiyarsa ƙalau, yana cikin ɗaya daga rukunai 4: mai lafiya, mai haɗarin kamuwa da cuta kamar mashayin taba, mai cuta kamar hawan jini ko ciwon suga, da mai nakasa. Rukunin mutum ne ke nuna sau nawa za a duba shi a shekara, ko ya zo ko a je masa. Kowane gida na da takardarsa, wadda ke ɗauke da yawan mazauna da yanayin ruwan sha da makewayi da rufin ɗaki. Mai ciki da aka ga alamar haɗari a tattare da ita, ko wadda gidanta ya yi nisa da asibiti, akan kwantar da ita a gidan masu ciki har ta haihu. Da irin wannan bin diddigi ne ƙasar ta zama ta farko a duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar, a 2015, cewa ta kawar da yaɗuwar ƙanjamau da tunjere daga uwa zuwa jariri. Tun shekarar farko ake haɗa ɗalibi da irin wannan ofishi, a ba shi gidaje ya bi, ya rubuta rahoton halin lafiyar unguwar, ya kare shi gaban malamai.

Aikin sa-kai

A watan Satumba na 2017 guguwar Irma ta bi gaɓar arewacin ƙasar, teku ya haura shingen Malecón ya shiga unguwannin Habana, aka kwashe fiye da mutum miliyan ɗaya, mutum 10 suka rasu. A daren 27 ga Janairu, 2019, wata mahaukaciyar iska ta ratsa unguwannin Diez de Octubre da Regla da Guanabacoa, har aka kwashe mata da jarirai daga asibitin haihuwa na Hijas de Galicia cikin duhu, washegari ɗaliban jami'o'in birnin suka fita kwasar ɓaraguzai da rabon kayan agaji. Waɗannan ayyuka ne na 'yan kwanaki. Wanda ya fi dawwama shi ne yaƙi da zazzaɓin dengi, inda akan dakatar da darasi a tura ɗalibai gida-gida suna tambayar wanda ke zazzaɓi, suna leƙa tankunan ruwa da tukwanen furanni suna neman ƙwayayen sauro. Dattawan ƙasar Hausa za su tuna da duba-gari mai buɗe randa, kuma kamar yadda ba kowace uwargida ke murnar ganinsa ba, haka ba kowane gida a Habana ke murnar ganin mai feshin hayaƙi ba.

A ranar 11 ga Maris, 2020, aka tabbatar da cutar korona a jikin wasu 'yan yawon buɗe ido uku daga Italiya a garin Trinidad. Cikin kwanaki aka rufe ajujuwa, aka tura ɗaliban kiwon lafiya fiye da 28,000 aikin da ake kira pesquisa, wato binciken gida-gida, kuma ɗalibai baƙi da dama sun shiga. Ɗalibin nazarinmu yana shekara ta huɗu a lokacin. Aikinsa shi ne ya fito da safe cikin farar riga da takunkumin yadi, yawanci su biyu, ya bi gidajen da aka ware masa, ya tsaya daga bakin ƙofa ba tare da ya shiga ba, ya tambayi mutum nawa suka kwana a gidan, ko akwai mai tari ko zazzaɓi, ko wani ya dawo daga tafiya, ko akwai tsoho mai zaman kaɗaici. Kafin azahar ya miƙa lissafin ga likitan unguwa, shi kuma ya miƙa cibiya. Wanda ake zargi da cutar, da waɗanda suka cuɗanya da shi, akan kai su cibiyar killacewa ta gwamnati, ko sun so ko sun ƙi. Gobe ɗalibin ya sake komawa gidajen nan dai, da tambayoyin nan dai.

Aiki ne mai gundura, kuma babu na'urar sauraron ƙirji ko allura a cikinsa, amma a ganina a nan ne likitan ya ginu. Maimaita zuwa gida ɗaya shi ke sa a gane wanda ke ɓoye tari don tsoron killacewa, da tsohuwar da maganin hawan jininta ya ƙare ba ta faɗa wa kowa ba, da gidan da aka ce mutum huɗu ne alhali takwas ne. Harshen da ya gagara a aji ma a nan ya zauna masa. Sakamakon a shekarar farko ya fito fili: zuwa ƙarshen 2020, waɗanda hukuma ta ce cutar ta kashe ba su kai 150 ba, a ƙasa mai mutum kimanin miliyan 11.

Shekarar 2021 ta nuna iyakar dabarar. An sake buɗe filayen jirgin sama, nau'in cutar da ake kira Delta ya shigo, asibitocin lardin Matanzas suka cika a watan Yuli, babbar masana'antar iskar numfashi ta lalace, magunguna suka yi ƙaranci, kuma zuwa ƙarshen shekara adadin mamatan da hukuma ta bayyana ya haura 8,000. Ƙwanƙwasa ƙofa na gano majiyyaci da wuri, amma ba ya samar da gado ko iska. A 1 ga Janairu na shekarar aka haɗe kuɗin ƙasar biyu, farashi ya yi tashin gwauron zabi, kuma a ranar 11 ga Yuli dubban mutane suka fito zanga-zangar da ba a ga irinta ba cikin shekaru masu yawa, aka kama ɗaruruwa. Abin da ya juya lamarin shi ne rigakafin da ƙasar ta haɗa da kanta, Abdala da Soberana, waɗanda aka raba ta ofisoshin likitocin unguwa da taimakon ɗalibai, har aka fara yi wa yara 'yan shekara 2 daga watan Satumba. Rajistar da aka daɗe ana tarawa ce ta sa aka san wanda ya karɓa da wanda ya saura.

Ya kamata a faɗi cewa sa-kan nan ba sakakke ba ne gaba ɗaya. Ga ɗalibin Kyuba, shiga irin waɗannan ayyuka na cikin abin da ake dubawa wajen jera ɗalibai da raba musu fannin ƙwarewa. Baƙo ba a ɗaure shi haka ba, amma wanda ake ciyarwa ake koyarwa kyauta, kuma abokan ajinsa duka sun fita, ba shi da bakin cewa ba zai je ba. Wannan bai rage darajar aikin ba, sai dai duk mai son kwaikwayon tsarin ya san cewa ikon gwamnati mai jam'iyya ɗaya na cikin abin da ke buɗe ƙofofin.

Tafiye-tafiye

Kuɗin jirgi zuwa Afirka ya fi ƙarfin galibin ɗalibai, domin sai an bi ta Turai ko Turkiyya, saboda haka hutun Yuli da Agusta a cikin tsibirin ake cinye shi. Katin zama na ɗalibi yana ba shi damar biyan kuɗin mota da na gidan tarihi da farashin 'yan ƙasa, ba na 'yan yawon buɗe ido ba, muddin zai jure layi. Duk inda ya isa sai ya tambayi wane ne na ƙarshe, ya riƙe fuskarsa, sannan ya nemi inuwa. Daga Habana zuwa Santiago ya haura kilomita 800, ana yin sa a jirgin ƙasa ko motar gwamnati ko bayan tsohuwar babbar mota da aka jera wa benci. A Santiago akwai barikin Moncada da Fidel Castro da mutanensa suka kai wa hari a 26 ga Yuli, 1953, da maƙabartar Santa Ifigenia, inda kabarin José Martí, jagoran gwagwarmayar 'yancin Kyuba, yake, inda kuma aka ajiye tokar Fidel Castro a Disambar 2016.

Amma wuraren da suka fi taɓa ɗan Afirka ta Yamma su ne na tarihin bauta, wadda ba a soke ta a Kyuba ba sai 1886. A kwarin masana'antun rake kusa da Trinidad har yanzu hasumiyar Manaca Iznaga tana tsaye, wadda daga samanta ake gadin bayi a gona. A Matanzas an mayar da ganuwar San Severino gidan tarihin cinikin bayi, kuma a wannan lardin ne wata baiwa mai suna Carlota ta jagoranci bore a 1843, sunan da Kyuba ta sa wa aika sojojinta Angola a 1975. Ɗan Najeriya zai ji sunayen Shango da Oshun, allolin gargajiya na Yarbawa, a bakin mutanen da ba su taɓa ganin Afirka ba, zai kuma tarar da ƙungiyar asiri ta Abakuá, wadda asalinta daga yankin Kalaba ne. Sau da yawa ana ɗauka cewa shi ma ya san waɗannan abubuwa, sai ya yi bayanin cewa Najeriya ba Yarbawa kaɗai ba ce. Akwai kuma ɓangaren da ba daɗi: a wuraren 'yan yawon buɗe ido baƙar fata ne ɗan sanda ya fi tsayarwa ya nemi kati, kuma magana kan sauya da zarar an gane baƙo ne.

Komawa gida

Bayan shekarar ƙarshe ta aiki a asibiti da jarrabawar ƙasa, ɗalibin ya karɓi digirinsa, amma a Najeriya ba zai taɓa majiyyaci ba sai ya ci jarrabawar tantancewa ta hukumar kula da likitoci, MDCN, da Turanci, sannan ya yi shekarar horo a asibiti da bautar ƙasa. Sunayen cututtuka da na magunguna da gajerun kalmomin da likitoci ke rubutawa duk sai ya sake koyon su. Giɓin da ya fi wannan shi ne na cututtukan kansu. Tun 1973 aka tabbatar Kyuba ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda ta ɓace tun shekarun 1990, saboda haka mutum zai iya kammala karatu bai taɓa ganin yaron da zazzaɓi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ba, ko mai tamowa mai tsanani, ko annobar sanƙarau, ko mace mai yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, alhali waɗannan ne za su cika masa ɗaki a Katsina ko Maraɗi. Afirka ta Kudu, wadda ke tura ɗalibai Kyuba tun shekarun 1990, ta magance wannan ta hanyar dawo da su jami'o'inta su yi wata 18 kafin su kammala. Wannan ya fi barin kowa ya nemi mafita shi kaɗai.

Ilimin unguwa kuwa, wanda shi ne ribar tafiyar, ba ya samun wurin zama cikin sauƙi. A wancan zango Kyuba na da likita fiye da 8 ga kowane mutum 1,000, Najeriya kuwa ba ta kai likita ɗaya ga mutum 2,000 ba, don haka sabon likita babban asibiti ake tura shi, inda layin majiyyata ba zai bar shi ya leƙa waje ba. Ko ya fita, namiji ba zai shiga gidan da aka rubuta ba shiga ba. Amma bin gida-gida ba baƙon abu ba ne a arewacin Najeriya: da shi aka yaƙi shan inna, ta hannun matan unguwa 'yan sa-kai masu shiga har tsakar gida, har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020. Bambancin shi ne wancan gangami ne na cuta guda, mai kuɗin masu ba da tallafi, ba rajista ce ta dindindin ta kowane gida ba. Idan da jiha za ta ɗora irin wannan likita a kan cibiyoyin lafiya na mazaɓu, ya jagoranci waɗannan mata da jami'an lafiya na karkara wajen rajistar masu ciki da masu hawan jini da yaran da ba su kammala rigakafi ba, to da ta mori abin da aka koya masa.

Ga iyayen da ke tunanin tura ɗansu yanzu, Kyuba ta yau ba ita ce ta 2015 ba. Mutuwar jarirai, wadda ta sauka zuwa 4 cikin 1,000 a 2018, ta haura 7 a 2021, dubban ma'aikatan lafiya sun bar aiki ko sun bar ƙasar, kuma a watan Oktoba na 2024 wutar lantarki ta ɗauke a tsibirin baki ɗaya na kwanaki. Kafin a sa hannu a takarda, a tabbatar da wanda zai biya alawus da hanyar da kuɗin zai bi ya isa hannun ɗalibin, a kuma tambayi hukumar likitoci ta gida sharuɗɗan da za ta gindaya masa ranar da ya dawo.